Cikar shekarar aure da bikin 4 ga Yuli a mako ɗaya

'Yar'uwa, kin ce cikarku shekara 3 da aure ta faɗo mako ɗaya da bikin 4 ga Yuli a Amurka, ga goyon wata takwas, kina tambayar yadda za ku haɗa biyun.

Ni dai shawarata, ku raba su. Ranar 4 ta kowa ce, tunawa da ayyana 'yancin kai a Filadelfiya a 1776, kuma hayaniyarta sai ta haɗiye taku. Ku ware wa kanku dare guda, ko bayan yaro ya yi barci ne, ku ajiye waya, ku buɗe hotunan bikinku.

Wasan wuta ne ya fi damuna. Ba a farawa sai duhu ya yi, wajen ƙarfe 9, kuma ƙararsa na iya cutar da kunnen jariri. Ɗana ya taɓa firgita a wurin, ya ƙanƙame wuyana jikinsa na ɓari, har yau abin na raina. Ku tsaya can nesa, ku sa masa abin rufe kunne na jarirai. Ƙananan sandunan nan masu tartsatsi da ake riƙewa a hannu kuwa zafinsu kan kai digiri 1,000, kada ma a kunna kusa da shi.

Faretin da ake yi da safe ranar bikin ya ishe shi. Allah ya raya.