Wace shuka ce za ta rayu a falona?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Kano nake zaune. Sau uku ke nan ina sayen fulawa a wajen masu sayarwa na bakin titi in ajiye a falo. Kullum da safe sai na ba su ruwa, ban taɓa fashi ba, amma ko wata biyu ba sa yi sai ganyen ya koma ruwan ɗorawa, shukar ta kwanta. Wace iri ce ke jure zaman ɗaki a garinmu? Sannan surukata ta ce kwana da shuka a ɗaki yana shanye wa mutum iska, ko gaskiya ne? Ina da yara ƙanana biyu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da ya kashe su yana cikin tambayarki: wannan ruwan na kullum da safe da ba ki taɓa fashinsa ba.

Mun saba da shukar lambu, wadda rana ke dukan ƙasarta tun hantsi, kafin la'asar ta bushe ƙayau. Ƙasar da ke cikin tukunya a falo kuwa, ba rana ba iska, tana iya yin mako guda da danshinta. Ita saiwa numfashi take yi. In ƙasa ta zauna caɓa-caɓa kullum, iska ba ta isa gare ta, sai ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta jan ruwa, sai ganye ya yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa, ke kuma tausayi ya kama ki, ki ƙara ɗebo wani ruwan. In akwai sauran tukunyar da ba ki zubar ba, zazzage ta ki duba. Lafiyayyar saiwa tana da tauri kuma ba ta wari. Wadda ta ruɓe baƙa ce, tana santsi a hannu, tana warin kwata.

Daga yau ki bar bin kalanda, ki bi yatsa. Tura shi cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi, ki ƙyale ta. In ta bushe, ki zuba ruwa sosai har ya ɗigo ta ƙasa, sannan ki zubar da wanda ya taru a farantin da kika ɗora tukunyar. Wato dole tukunya ta kasance da huda a gindi; waɗannan masu ƙyalli da ba su da huda, kyau ne kawai da su. Ni na fi son tukunyar ƙasa a kan ta roba, saboda dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi: jikinta yana tsattsafo, danshi yana fita. Ƙasar da masu sayarwa ke cusawa a leda kuma sau da yawa laka ce mai nauyi. Ki haɗa ƙasarki da kanki: kashi biyu ƙasa mai tsohon taki, kashi ɗaya yashin rafi mai kaushi, da ɗan dakakken gawayi.

Wadda zan ce ki fara da ita tamu ce. Sansevieria, mai dogayen ganyaye a tsaye kamar takubba, masu zanen da ya yi kama da fatar maciji. Asalinta Afirka ta Yamma ne, daga Nijeriya zuwa Kwango, kuma 'yar uwarta ta daji ita ce moda, wadda kakanninmu ke cire zarenta su tufka igiya da tsirkiyar baka. Yau ga ta a ofisoshin Landan da Dubai ana yi mata kallon baƙuwa mai daraja. Tana ajiye ruwa a ganyenta, kuma da dare take buɗe 'yan ƙofofin jikinta ta shaƙi iska, da rana ta rufe don kada zafi ya tsotse ta. Shi ya sa zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, bai cika damunta ba. Ruwa sau ɗaya a mako biyu ya ishe ta, da hunturu har mako uku. Abu ɗaya ta tsana: a zuba mata ruwa a tsakiyar ganyen ya kwanta. Ki zuba a gefe, kan ƙasa.

Mai bi mata a juriya ita ce wadda ake kira ZZ, daga sunanta Zamioculcas zamiifolia. Daga gabashin Afirka ta fito. Ganyenta yana sheƙi kamar an shafa masa mai, har baƙi kan taɓa su ji ko ta roba ce. A ƙarƙashin ƙasa tana da ƙulli kamar dankali inda take adana ruwa, don haka ko tafiya ta kama ki ta wata guda, za ki dawo ki same ta lafiya. Aibinta jinkirin girma da tsada.

In kina son mai yaɗo, wadda za ta zubo daga saman kanta, ki nemi Pothos, mai ganye kamar zanen zuciya da ɗigon rawaya. Ita ce mai gaya miki ƙishirwarta: ganyen zai langaɓe, ki ba ta ruwa, kafin yamma ta miƙe. Tana rayuwa ko a kwalbar ruwa zalla, amma ki riƙa sauya ruwan duk bayan kwana huɗu ko biyar, don sauro na iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin mako guda zuwa kwana goma.

Alobera, 'yar uwar tsiron nan zabuwa da muka sani a daji, mutane na sayenta su jefa ta a lungun falo, alhali ita haske take so. Bakin taga ko baranda ne wurinta. Masu faffaɗan ganye mai laushi da farar fure, irin su Spathiphyllum, 'yan dazuzzukan Kudancin Amurka ne masu raɓa. Iskar hunturunmu tana ƙone musu bakin ganye. Ba na ba sabon shiga shawarar su.

Maganar haske tana da muhimmanci a falukanmu, inda labule mai kauri ke sauke tun safe har dare saboda rana da ƙura. Ba shukar da ke rayuwa a duhu. Waɗannan da na lissafa haƙuri kawai suke yi da ƙarancinsa. Ki gwada da tsakar rana, wuta a kashe: in za ki iya karanta littafi a wurin ba tare da kin matse ido ba, wurin ya yi. Tagar gabas ta fi, don ranar safe ba ta ƙuna. Ki nisanta su daga inda na'urar sanyaya ɗaki ke hurowa kai tsaye. Da hunturu kuma ki riƙa goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma duk mako, saboda ƙurar da ta kwanta tana tare haske.

Game da maganar Hajiya babba, tana da tushe: da dare yawancin tsirrai suna shaƙar iskar da muke shaƙa. Sai dai abin da tukunya ɗaya ke ɗauka bai kai ko kusa da na mutum guda da ke kwance a ɗakin ba, don haka ba abin tsoro. Haka ma kada ki yarda da mai ce miki shuka tana tace iskar gida. Wannan zance ya samo asali ne daga gwajin da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 1989, wanda aka yi a cikin rufaffun akwatuna. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka sun sake lissafin, suka ce sai an jera shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin ta yi aikin da musayar iska da waje ke yi wa gini. Buɗe taga ya fi.

Abin da ya kamata ya dame ki shi ne yaran. Akwai wata Dieffenbachia, mai manyan ganyaye da fari-fari a tsakiya, ta cika wuraren sayar da fulawa saboda kyanta. Ruwan jikinta yana ɗauke da wasu ƙananan tsinke-tsinke da ido ba ya gani. In yaro ya tauna, baki da harshe su yi zafi su kumbura, wani lokaci har magana ta gagara. Kada ta shigo gidanki yanzu. Pothos da ZZ ma suna da irin wannan sinadarin, Sansevieria kuma tana sa tashin zuciya, saboda haka duk a ɗora su inda hannu ba ya kai. In tsautsayi ya faru, a kurkure wa yaro baki, a ba shi ruwan sanyi, in kumburi ya taso ko numfashi ya canza a garzaya asibiti da guntun ganyen a hannu. Wadda ba ta da wannan illar ita ce Chlorophytum, mai siririn ganye kamar ciyawa da farin layi, wadda ke zubo 'ya'yanta a jikin dogon zare.

Ba lallai ma ki sake kashe kuɗi a karo na huɗu ba. In maƙwabciyarki tana da Sansevieria, ki roƙe ta ta ɓallo miki ɗan da ya tsiro a gefen uwar, da saiwarsa. Ko ganye ɗaya aka yanka gunduwa-gunduwa, aka bar shi kwana biyu bakin yankan ya bushe, aka kafa a yashi ta ɓangaren da ke ƙasa tun asali, zai yi saiwa cikin wata ɗaya ko biyu. Sai dai in mai rawayan baki kike so, ɗan za ki karɓo, don wadda aka tayar daga yankan ganye koriya zalla take fitowa.