Amsa ga ɗan'uwan da karensa ke kwance

Assalamu alaikum jama'ar gida. Malam na ga tambayarka tun jiya da daddare, na so in amsa caji ya ƙare ga ba wuta, sai yanzu na samu zama. Kace karen da ke maka gadi a Agege yau kwana tara baya cin abinci, ka riga ka kashe wajen dubu 70, yanzu likita yace a kwantar da shi a ƙara dubu 120, ga kuɗin makarantar yara ya taho, uwargida kuma tace wannan almubazzaranci ne. Na ga wasu sun sa maka dariya, wani ma yace "kare fa?". Ni dai bazan yi dariya ba don sau biyu ina shiga wannan halin, sau ɗaya kuɗin ya yi rana, sau ɗaya kuma ruwa na yi ta zubawa a kwando.

Amma abin da na duba cikin rubutunka ban gani ba shi ne sunan ciwon. Ka faɗi kuɗi ka faɗi kwanaki, baka faɗi me akace yana damunsa ba, kuma ina zargin kai ma ba a gaya maka ba. In haka ne to tambayar in biya ko kar in biya lokacinta bai yi ba tukuna.

Ni sito nake da shi na wake da masara a gefen kasuwar Mile 12 a Legas, kuma duk wanda ya san wajen ya san in ba kare to da kai da ɓarayi da ɓeraye za ku raba riba. Cikin daminar 2019 Duna, baƙin kare ne ɗan gida mai shekara huɗu, ya daina ci, ya shige ƙarƙashin benci ko mota ta shigo baya ɗaga kai. Yaron sito ya jefa masa parasitamol cikin tuwo da kyakkyawar niyya, daga baya na san wannan maganin da mu muke sha kamar gyaɗa yana iya lalata hantar kare, ibuprofen kuma ya huda masa ciki ya taɓa ƙoda, don Allah kar kowa ya gwada. Sai aka haɗa ni da wani mai yawo a mashin da jaka ana ce masa dokta, kullum ya zo ya zuba allura uku ya karɓi kuɗi ya tafi, kwana biyar a haka, in na tambaye shi mene ne sai yace maleriya ce da taifot. Wallahi amsar da ake ba mu a kemis ita ya ba kare.

Wani dattijo mahauci da muke sallah tare shi yace min kai Alhaji ka kai shi asibitin dabbobi na Oko-Oba mana, ko ba komai za a ɗebi jini. Na samu mai Keke Napep da kyar ya yarda bayan na shimfiɗa buhu. Likitar mace ce, kafin ta ce komai sai ta ɗaga leɓen Duna ta nuna min dasashinsa, fari fat kamar auduga, tace na lafiyayyen kare ruwan hoda ne, in ka danna da yatsa ya yi fari ka saki nan take ya dawo. Ta buɗe kunnensa da tsakanin yatsun ƙafa, kaska ce jere wasu sun ƙoshi sun yi kamar wake. Ta tambaye ni kalar fitsarinsa nace kamar shayi ba madara. Aka ɗebi jini, abin da suke kira PCV wato yawan jan jini ya nuna 17, tace na mai lafiya daga wajen 37 ne zuwa sama. Ciwon kaska ne, ƙwayar da ake kira babesiya tana shiga jan jini ta farfasa shi, kuma sau da yawa tana tafe da wata ƴar uwarta erlikiya don kaska ɗaya ke ɗauko su. Aka yi masa allura tace a dawo bayan sati biyu a maimaita, ta rubuta maganin doxycycline na kwana 28 tace ko ya miƙe yana haushi kar in tsaya. A cikin hanta nake cusa masa kafso ɗin, shegen ya gane, ya cinye hantar ya tofar da maganin, sai da na koyi buɗe masa baki in tura can ciki in shafa maƙogwaro. Kwana huɗu ya fara lasar romo. Kuɗin gwajin da maganin gaba ɗaya bai kai abin da mai jaka ya karɓa ba. Duna ya ƙara shekaru yana gadi.

Na biyun shi ne har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Barsu, rabin Alsatian ne, ya kai shekara 11, kuma irin waɗannan manyan karnukan daga goma zuwa sha biyu ai tsufa ya zo. A 2022 na lura yana shan ruwa kamar raƙumi yana fitsari ko'ina, nace zafin Legas ne. Wata da watanni yana ramewa ina cewa tsufa ne. Sai da ya fara amai, bakinsa na warin fitsari, sannan na kai shi wani asibitin kuɗi. Gwaji ya nuna ƙoda, wani abu a jini da ake kira kiriyatinin, mai nuna aikin ƙoda, ya hau sosai. Kuma in faɗi gaskiya likitan bai ɓoye min ba, yace Alhaji ƙodar da ta daɗe tana mutuwa a hankali bata farfaɗowa, ƙarin ruwa zai wanke dattin jinin ya ji sauƙi na ɗan lokaci ne kawai. Ni kunnena "zai ji sauƙi" kawai ya ɗauka. A sa masa ruwa kwana uku ya tashi ya kaɗa min jela, in ce alhamdulillah, bayan sati ya sake zubewa. Zagaye uku muka yi, har na taɓa uwar kuɗin wake, abin da ban taɓa yi ba ko don kaina. A zagaye na ƙarshe sun aske ƙafafunsa duka huɗu ana neman jijiya, yana kallona ko kuka baya iyawa, nan na gane ba don shi nake biya ba, don kar in ji na yi masa butulci ne. Nace a yi masa allurar da za ta huta da shi, minti kaɗan ne, kamar barci. Da na saurari likitan tun farko da wahalar sati biyar bata same shi ba.

Shi yasa nake ce maka ka koma wajen likitan nan gobe, ba da kuɗi ba, da baki. Kace masa dokta mene ne sunan ciwon, wane gwaji ya nuna, ba ni takardar. In ba a yi gwajin jini ba duk kwana taran nan to wannan kaɗai za ka biya yanzu, shi ne mafi arha cikin lissafin kuma shi zai raba gardama. Sannan ka tambaye shi kai tsaye dubu 120 ɗin nan warkewa zan saya ko kwanaki, kuma in na biya shikenan ko bayan sati za a sake cewa in kawo. Ka ce masa in naka ne ya za ka yi, na lura wannan tambayar tana sa su sauko su yi maganar gaskiya. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka gaya masa iya abin da ke aljihunka, sau da yawa akwai hanya ta biyu, a sa ruwan da safe ka tafi da shi gida ka dawo gobe maimakon kuɗin kwana, ko ya rubuta maka maganin ka saya a waje. In ya fusata don ka nemi takardar gwaji, ɗauki karenka ka je wani wajen a sake dubawa, ba laifi bane.

Baka faɗi shekarunsa ba kuma yana da muhimmanci. In ɗan kwikwiyo ne da ba a yi wa rigakafi ba yana amai da gudawar jini mai ƙarni, wannan ciwon fabo (parvo) ake zargi, ba shi da maganin da ke kashe ƙwayar, ƙarin ruwan ne maganin, kuma wanda ya tsallake kwana uku huɗun farko yawanci yana tashi, wannan ni zan biya. Ko ƙodar ma kala biyu ce, akwai wadda ke bugawa farat ɗaya saboda ciwon da ake ɗauka daga fitsarin ɓera cikin ruwan ambaliya irin namu na damina, wannan in an kama da wuri ana iya cetowa, sai dai mutum ma yana ɗauka don haka a sa safar hannu wajen wanke fitsarin, yara su yi nesa. Ɗayar kuma irin ta Barsu ce, mai mutuwa a hankali, ita bata farfaɗowa.

Maganar uwargida kuma kar ka ɗauke ta abokiyar gaba, tana da gaskiyarta. Ci da sha da karatun yara wajibi ne a kanka, ba a cin bashi ko a taɓa kuɗin makaranta saboda wannan. Ku zauna ku yanke adadi tare kafin ka fita, kace daga nan ban wucewa, don in kana tsaye a gabansa yana kallonka lissafi baya yiwuwa, na gani a kaina. Masu dariya kuma su tuna kare na gadi da kiwo da farauta malamai sun yi bayaninsa, kuma hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare Allah ya gafarta masa yana cikin Bukhari da Muslim, tun muna allo muke jinsa. Dabbar da ta kwana a waje cikin sauro da ruwan sama shekaru don ka yi barci tana da hakki, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Amma askin ba lallai sai dubu 120 ba, wani lokacin askin shi ne ka biya kuɗin allurar ƙarshe.

Abin da dai nake roƙonka ko me ka yanke, kar a kai shi bakin kwata ko ƙarƙashin gada a yar da shi ya mutu da ƙishi, kar a ba shi maganin ƙwarin nan Sniper, mutuwa ce mai muni ƙwarai, haka masu fesa wa kare shi wai maganin kaska suna kashe su ne ba su sani ba. Wanda yace ka sayar wa masu sayen kare shi ma a'a, naman da ke cike da allurai da ciwon da ba a san kansa ba wani bawan Allah ne zai ci. Sai abu ɗaya da ya fi duk kuɗin nan, in ba a yi masa allurar rigakafin haukan kare ta shekara ba kuma ka ga yana dalalar da miyau, ko halinsa ya juya yana kai cizo ga wanda ya sani, ko muƙamuƙinsa ya saki, to kar ka sa hannu a bakinsa, ɗaure shi nesa da yara ka kira likita ya zo, wannan in ya bayyana ba shi da magani ga kare ko ga mutum. Wanda karen ya ciza ko ya karta ya wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 ya wuce asibiti ranar.

In za ka sake fita da shi ka yi sammako kafin gosulo da rana, kar a sa shi a but ɗin mota, ka tafi da duk kwalayen maganin da aka riga aka ba shi. Yanzu ma kafin ka kwanta haska tocilan ka ɗaga leɓensa ka ga kalar dasashin, ka gaya mana nan tare da shekarunsa. Allah ya ba shi sauƙi, ya buɗa maka.