Ɗana ya tare a cikin waya, kwana 10 bai ce mini uffan ba

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 18 a Guangzhou ta ƙasar Sin, matata Basiniya ce. Babban ɗanmu shekararsa 15, bana zai rubuta zhongkao, jarrabawar da ke raba masu shiga babbar sakandare da masu tafiya makarantar sana'a. Sai ga shi ya tare a wasan waya na Honor of Kings. Tun 2021 doka ta ba wanda bai kai 18 ba awa ɗaya kacal ta wasannin intanet, daga 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutun gwamnati, amma shi da katin shaidar kakarsa ya yi rajista.

Ran nan ƙarfe 2 na dare na hango haske a ƙarƙashin bargonsa, na fizge wayar na maka ta da ƙasa. Tun daga nan a ɗaki yake cin abinci. Sinancina na ciniki ne, shi kuma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Surukina ya ce mu kai shi makarantar horon masu jarabar intanet. In kai shi?

Baban yaro, Guangzhou

Wa'alaikumus salam Malam. Kar ka kai shi. An sha bankaɗo duka da azaba a irin waɗannan wurare, har a 2009 ma'aikatar lafiya ta Sin ta hana jona wa yara lantarki da sunan maganin jarabar intanet. Yaron da aka kai da ƙarfi, da ƙullin iyayensa yake dawowa.

Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarka maganar harshe ce. Uba da ɗa a gida ɗaya, ba yaren da za su yi doguwar hira da shi! Yaushe rabonka da tambayarsa wani abu ban da makin jarrabawa? Yana wuni a aji, ya dawo da jibgin aikin gida, ga fargabar zhongkao, wataƙila ma ana yi masa kallon baƙo saboda launin fatarsa. A cikin wasan kuwa mutum biyar ne a ƙungiya, ana jiransa, ana yaba masa. Ka fasa wayar, amma abin da ya tura shi cikinta yana nan.

Kai ne babba, ka fara. Ka ƙwanƙwasa ƙofarsa da kwanon abinci a hannu, ka ce fasa wayar kuskure ne, ka ba shi haƙuri, mahaifiyarsa na yi muku tafinta. Girmanka ba zai zube ba. Ka nemi ya nuna maka yadda ake wasan, ka saurara ba tare da wa'azi ba. Idan ya sake da kai, ku yanke lokaci tare, a cire katin kakar, wayoyi su riƙa kwana a falo, har da taka, domin na san WeChat (manhajar aika saƙo) ɗin 'yan kasuwa ba ya barci.

Idan ya daina zuwa makaranta, ko barci da cin abinci suka gagara, ko ya ambaci cutar da kansa, ku garzaya wurin likitan ƙwaƙwalwa na yara. Akwai kuma layin matasa na 12355 da mahaifiyarsa za ta iya kira. Ka sake rubuto mini bayan jarrabawar, ina son jin yadda kuka yi. Allah Ya shirya mana shi.

Anti