Gudun motocin Hendrick da tarar dala 400,000: maguɗi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina bin tseren motocin NASCAR na Amurka ta intanet. A farkon kakar 2023 motocin Hendrick Motorsports sun riƙa cin tsere, sai kwatsam aka ce an ci su tara mai nauyi bayan binciken mota. Shin gudun nasu daga maguɗi ya fito? Kuma me masu binciken nan suke dubawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta dace, amma sai mun bi abin daki-daki, domin lokacin da aka kama su shi ne ke warware zancen.

A watan Maris na 2023, a filin tsere na Phoenix, jami'an NASCAR suka ƙwace ƙofofin iskan da ke kan bonet na motocin Hendrick guda huɗu. Waɗannan ƙofofin su ne iska mai zafi ke fita ta cikinsu bayan ta ratsa radiyeto, kuma yadda aka siffanta su yana shafar yadda iska ke bi ta jikin mota. An ci kowane shugaban makanikai tarar dala 100,000 tare da dakatarwa na tsere huɗu, aka kuma zaftare maki 100 daga kowanne cikin direbobi Kyle Larson da William Byron da Alex Bowman. Jimillar tarar ta kai dala 400,000.

Ga inda gizo ke saƙa. An ƙwace kayan ne tun kafin ranar tseren, aka sa wasu, kuma da sababbin ne Byron ya ci tseren Phoenix ranar Lahadi. Ashe ba ƙofofin ne kaɗai ke tura motar ba. Byron ya ƙare kakar da nasara shida, ciki har da tseren Darlington da Watkins Glen da Texas, waɗannan ukun duk bayan idon masu bincike ya dawo kansu.

To me ya sa hukuncin ya yi tsauri haka? Tun 2022, lokacin da aka shigo da motar da ake kira Next Gen, yawancin sassan mota daga kamfani guda ake sayensu, kowace ƙungiya kaya iri ɗaya take samu. Dokar ita ce kada ka taɓa su. Ba a tambayarka ko gyaran ya ƙara maka gudu ko bai ƙara ba. Laifin shi ne taɓawar. Hendrick sun ce kayan da aka kawo musu ba su dace da zanen da aka amince da shi ba, shi ya sa suka gyara. Kwamitin ɗaukaka ƙara ya mayar musu da makin, amma ya bar tarar da dakatarwar. Hakan bai yi wa NASCAR daɗi ba, har ta gyara dokar ɗaukaka ƙara daga baya. A ganina hujjar Hendrick tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ƙungiya mai injiniyoyi irin nasu ba ta gyara abu a banza.

Shi kansa binciken kala-kala ne. Kafin tsere ana shigar da mota wata rumfa mai kyamarori da na'urorin haska haske, wadda ke auna jikinta ta kwatanta da ma'aunin doka. Ana kuma duba nauyi da tsayinta daga ƙasa. Idan mota ta faɗi binciken sau biyu, ana korar ɗaya daga cikin ma'aikatanta, kuma ƙungiyar ta rasa damar zaɓen wurin tsayawarta a layin gyara. Wannan kusan kowane mako yana faruwa, kada ka ɗauke shi abin tayar da hankali. Ƙungiyoyi kan matsa ne har gaɓar doka, kamar mai awon hatsi da ke cika mudu har sai ya kusa zuba.

Bayan tsere kuma akan duba motar da ta ci. Tun 2019, idan ta faɗi, an soke nasarar. A Pocono a watan Yuli na 2022, Denny Hamlin da Kyle Busch na Joe Gibbs Racing suka zo na ɗaya da na biyu, aka kore su duka saboda wani ɗan tef da aka samu a gaban motocin, Chase Elliott ya zama gwani. Rabon da a ƙwace nasara haka a babban rukunin tseren NASCAR tun 1960.

Wasu motocin kuma akan kai su cibiyar bincike ta NASCAR da ke Concord a jihar North Carolina a warware su gaba ɗaya. Nan ne Hendrick suka sake faɗawa rami makonni kaɗan bayan Phoenix: bayan tseren Richmond aka ɗauki motocin Byron da Bowman, aka samu an taɓa sashen rufin da gilasai, aka zaftare wa kowannensu maki 60. Wannan na biyun ya fi wuyar karewa, kuma shi ne ya sa magoya bayan sauran ƙungiyoyi suka ce ai dama mun faɗa.