Kyamarar Baba ta shekara ashirin a akwati, za ta sake ɗaukar hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna gyaran ɗakin mahaifinmu marigayi sai na ci karo da kyamararsa, Pentax K1000, a ƙasan akwatin ƙarfe. Rabonta da aiki ya fi shekara ashirin. Ta ina zan fara duba ta, kuma akwai sauran amfani a jikinta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba da rahama. Malam, kafin komai ina roƙonka kada ka buɗe murfin bayanta tukuna. Sau da yawa irin wannan kyamara da fim a cikinta ake ajiye ta, haske kuwa yana taɓa shi ya ƙone. Ɗaga ɗan hannun naɗe fim da ke sama ta hagu, ka juya shi a hankali ta inda kibiya ta nuna. In ka ji ya yi nauyi, akwai fim. Danna ƙaramin maɓallin da ke ƙasan kyamarar, ka ci gaba da juyawa har hannun ya saki, sannan ka buɗe. Kai fim ɗin wurin masu wanki, ka gaya musu tsoho ne. Launinsa zai dusashe, zafin ƙasarmu ba ya raga wa fim, amma na sha ganin fuskoki sun fito. Wataƙila hotunan ƙarshe da Baba ya ɗauka ne, kuma a wurina sun fi kyamarar kanta daraja.

Ka yi sa'ar samfurin. An ƙera K1000 daga 1976 zuwa 1997, kuma duk aikinta na ƙarfe da sifirin ne. Batir ɗaya take ci, LR44, shi ma don ma'aunin haske kawai. Buɗe mazauninsa a ƙasa da kwabo. In tsohon batir ya zubar da ruwa ya bar farin gari ko kore, goge da auduga da ɗigon ruwan khal, ka bari ya bushe. Sa sabo, ka daidaita ASA (lambar saurin fim wajen karɓar haske) a 100, lambar gudu (ta saurin ɗaukar hoto) a B, ka leƙa ta ƙaramar tagar kallo: allurar da ke dama za ta haura sama in batir na aiki. Ma'aunin ba shi da makashi, rufe gilashin gaba da murfinsa shi ne kashe shi.

Sai labulen haske, wato wanda ke buɗewa ya rufe don haske ya kai ga fim. Da murfin baya a buɗe, ja hannun ɗana ta, ka danna, ka bi lambobin gudu daga 1000 har zuwa 1. A kan 1 ya kamata labulen ya zauna a buɗe daƙiƙa ɗaya cif. In yana jan ƙafa, maiƙon ciki ne ya daskare, kuma ɗanawa da dannawa sau talatin ko hamsin kan sake shi. In hannun ya cije, tsaya nan. Ƙarfi ke karya haƙoran ciki, kuma don Allah kada a ɗiga mata man keken ɗinki ko a fesa mata maganin tsatsa. Man yana bin labule da gilashi, gyaran da bai kai ya kawo ba ya zama babban aiki. Labulen ma ƙyalle ne, kada yatsa ya taɓa shi.

Abin da nake da yaƙinin ya lalace shi ne baƙin soson da ke bin gefen murfin baya da wanda madubin cikin kyamarar ke bugawa. Shekaru kan mayar da shi kamar kwalta. Kankare shi da tsinken sakace da sifirit, a liƙa sabo, in ba haka ba hotuna za su fito da jan zane a gefe.

Cire gilashin gaba ka haska shi da tocila ta baya. Ƙurar hunturu kaɗan ba ta hana hoto kyau; hure ta da robar hura iska kafin ka goge, domin gogewa a kan ƙura karce gilashi take. Abin tsoro shi ne fumfunar da laimar damina ke haifarwa, mai kama da saƙar gizo-gizo a ciki. Wannan sai mai gyara, kuma in ta daɗe takan ci fatar gilashin. Madubin ciki kuwa iska kawai, shafinsa a fuska yake.

In duk wannan ya tafi daidai, sayi sabon fim na 35mm mai ASA 200, ka ɗauki hotuna a rana da inuwa da lambobin gudu daban-daban, kana rubuta kowanne a takarda. Wankin ne zai nuna maka inda sauran ciwo yake. Daga nan kada ta koma akwati ko cikin jakarta ta fata, fata na riƙe danshi. Ajiye ta inda iska ke ratsawa, ka cire batir, ka riƙa ɗana ta kana dannawa ko sau ɗaya a wata.