Amsoshin wasiƙunku: dutsen guga mai zakara, liyarin kaka da cinikin waya

Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Kowa ya ji labarin wani da ya sayar da tsohon abu ta waya ya yi kuɗi, kowa kuma yana son a nuna masa ƙofar. To bismillah.

Wata ɗaliba daga Jami'ar André Salifou ta rubuto: "Malam, na tara jika 50 daga kuɗin da ake turo mini. Ina son in fara sayar da kayan da ke wuyar samu ta WhatsApp, amma tsoro nake kada kuɗin su narke. Da me zan fara?"

Ƴata, tsoron nan naki shi ne jarinki na farko, kada ki yar da shi. Ki fara da abin da ke arha a Damagaram yake tsada a wani wuri. Aikin dukawanmu ya isa misali: jaka, alabe, takalmi, matashin fata. Ɗan Damagaram da ke aiki a Yamai ko Agadas, ko wanda ke zaune Kwatano, yana neman su kuma ba shi da wanda zai aika. Ki je Kasuwar Dole da wayarki, ki roƙi mai kaya ki ɗauki hoto da rana, ki sa a status. Sai wani ya ce yana so, ya turo rabin kuɗi, sannan ki saya. Kafin ki yanka farashi ki lissafa kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwa da zuwa tasha, kuɗin aike a mota, kuɗin cirewa a Nita ko Amana, da kuɗin data. Ƴan mata da yawa a nan suke faɗuwa: su ga sun ɗora jika 2 a kan jaka su yi murna, alhali hanya ta riga ta cinye jika ɗaya da rabi. Jika 30 ki ajiye gefe, kada ki taɓa su sai wata na uku. Bashi kuwa, ko ƙawar da kuke kwana ɗaki ɗaya ce, ki ce mata kayan ba naki ba ne.

Wani matashi daga Garin Malam ya ce: "Wani Alhaji ya kira ni daga waje, ya ce yana neman tsohon dutsen guga na gawayi mai zakara a kai, ko tsohon keken ɗinki Singer, zai biya miliyan 5. Na samu wani a ƙauye wajen Mirya yana da dutsen, ya ce jika 400. Babur ɗina nake son in sayar in saya. Ya kake gani?"

Ɗana, ajiye makullin babur ɗin a aljihu ka zauna, don maganar da tsawo.

Tambaya ɗaya zan fara yi maka. A ina Alhajin ya samu lambarka? Mutum mai miliyan 5 a hannu, yana da yara, yana da direba, yana da ƴan uwa a kowace kasuwa, bai ga wanda zai nema masa dutsen guga ba sai kai da bai taɓa gani ba? Sannan ka duba yadda abin ya jeru. Ranar Litinin aka kira ka. Kafin Juma'a, a fadarku wajen shan shayi, wani baƙon fuska ya sako zancen cewa akwai wani tsoho a ƙauye mai irin wannan dutsen. Kai a ganinka sa'a ce ta zo. Alhajin waya, da mai kawo labari, da tsohon ƙauye, tukunyarsu ɗaya. Ranar da ka ƙirga jika 400 ka miƙa, ka rungumo ƙarfenka a buhu, ka kira Alhaji, za ka ji waya a kashe. Ka koma ƙauye, a ce maka ai wannan tsohon baƙo ne, kwana biyu ya yi ya wuce.

Wani lokaci ba sa kashe wayar da wuri, don sun ga da sauran abin tatsa a jikinka. Sai a ce za a turo mai gwaji daga Kano ko daga Libiya, ka biya kuɗin motarsa da na maganin gwaji. Ya zo da ƴar jaka da safar hannu, ya kara waya a jikin ƙarfen, ya girgiza kai, ya ce ai kun buɗe shi iska ta shiga, abin cikin ya gudu. Laifin ya dawo kanka, har ka ba shi haƙuri.

Abin da suke cewa yana cikin ƙarfen shi ne jar zaiba, wai ana haɗa makami da ita, wai aljannu na sayenta, wai tana jawo kuɗi. Babu wani abu mai wannan aiki a duniya. Zaiba ta gaskiya fara ce kamar narkakkiyar azurfa, ita ce masu haƙar zinariya ke wanke ƙasa da ita, guba ce mai lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma ba a zuba ta cikin dutsen guga. Wannan tatsuniya ba a Damagaram aka haife ta ba. A 2009 ta tashi a Saudiyya, mutane suka riƙa sayen tsofaffin kekunan Singer da kuɗi masu yawa, ana cewa in ka kara waya kusa da allura layi zai ɗauke. Hukumomin can suka fito suka ce ƙarya ce. Daga nan ta bi ƙasa ƙasa tana sauya riga: yau keken ɗinki, gobe tsohuwar rediyo, jibi kwabo mai huji.

Tun da na ambaci kwabo mai huji, bari in haɗa da masu tambaya a kansa, don wasiƙa uku na samu. Kwabo da anini na zamanin Ingilishi, waɗanda suka shigo mana ta Kano da Daura, miliyoyinsu aka buga tun daga 1907 har ƙarshen shekarun 1950. Kusan kowane tsohon gida akwai su cikin gwangwani ko a ɗaure a laya. Masu tara kuɗin da a Turai sun san su sarai, kuma galibinsu kuɗi kaɗan suke yi, sai ƴan ƙalilan na wasu shekaru da suka fito tsaf ba gogewa. Wanda ya ce zai ba ka miliyan a kan guda ɗaya, kuɗin rajista zai fara nema a wurinka.

Abin da ke ba ni haushi, ba wawaye ake kamawa ba. Ana kama malamin makaranta, ana kama ɗan kasuwa mai shago biyu, an kama mutanen da in ka je sayen buhun gero a wurinsu ba za ka cuce su ko dala ba. Dabarar ita ce a sa ka yi shiru. Za a ce kada ka gaya wa kowa, kada wani ya riga ka. To duk cinikin da aka hana ka gaya wa mahaifinka ko yayanka, ka san dalilin hanin. Kuma in an ci mutum, kunya ta hana shi zuwa wajen jandarma, sai ɓarayin su matsa unguwa ta gaba da ƙarfensu ɗaya tak, wanda wataƙila ya zaga gari an sayar da shi sau da yawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Babur ɗinka shi ke kawo maka cefane kullum. Ka toshe lambar, ka gaya wa ƴan fadarku abin da ya faru, da sunan ƙauyen da kamannin mai kawo labarin.

Wata baiwar Allah daga Birni ta rubuto: "Kakata ta rasu ta bar mini liyari shida na azurfa masu kan mace, an rubuta 1780. Wani a Facebook ya ce na shekara sama da 200 ne, in aika masa Yamai ya kai wa Turawa. Mijina ba lafiya, ina bukatar kuɗi, amma zuciyata ba ta kwanta ba."

Allah ya jiƙan kaka, ya ba maigida lafiya. Hajiya, abin da ke hannunki yana da daraja ta gaske, sai dai ba irin wadda mutumin ya faɗa ba. Matar da ke jiki sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Tereza, ta rasu a 1780. Saboda fatake a ƙasashen Larabawa, Habasha da nan yankinmu sun saba da kuɗin ba sa karɓar wani, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba canji, a Biyana da Landan da Paris da Roma har da Bombay. Wanda ayarin Tarabulus ya kawo Zango zamanin Sarkin Damagaram Tanimu da wanda aka buga bayan an haifi mahaifiyarki, duk 1780 ne a jikinsu. Saboda haka shekarar ba ta nuna tsufa.

Darajarsa a azurfarsa take. Na gaskiya nauyinsa giram 28 da ɗan kai, kuma kashi 833 cikin 1000 azurfa ce, wato wajen giram 23 tsantsa a kowane ɗaya. Ki ɗauki guda ɗaya, ki tafi da ɗan uwanki namiji wajen maƙeran fari, a ɗora a sikeli a gabanki. Ki duba gefensa, na gaskiya akwai rubutu da ado a kewaye. Ki kara masa maganaɗisu: in ya manne, ƙarfe ne aka shafe. In bai manne ba ma kada ki saki jiki, don tagulla ma ba ta mannewa, sikeli da idon maƙeri su za su raba gardama. Ki tambayi maƙera uku kafin ki yarda da farashi, kuma kada ki goge su da toka ko omo don su yi ƙyalli. Aika su Yamai wajen wanda ba ki sani ba kuwa, a'a. Ki sayar da biyu a nan hannu da hannu, ki yi maganin maigida, huɗu su zauna a akwati. Azurfa ba ta ruɓewa.

Wani daga Tanut: "Abokina direba ya tsinto baƙin dutse mai nauyi a Tenere. Mun ji an sayar da irinsa miliyoyin dalar Amurka. Yaya za mu fitar da shi?"

Ba za ku fitar da shi ba. Labarin da kuka ji gaskiya ne: dutsen da ya faɗo daga duniyar Mars, mai nauyin kilo kusan 25, an tsince shi a jihar Agadas a Nuwamban 2023, aka yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan sama da dalar Amurka miliyan 5. Amma ba ku ji ƙarshensa ba. Gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Sannan hamada cike take da baƙaƙen duwatsu masu nauyi, kuma ba a gane na sama da ido ko da hoton waya, sai an yanki ɓangare an kai ɗakin bincike. Haka ƙashin dabbobin zamanin da na Gadafawa a hamadar Tenere, da tukwane da gumakan ƙasa da ake tonowa a tsofaffin kufai: dokar 1997 kan kayan tarihi ta hana fitar da su ba izini. Ku kai wa ma'aikatar ma'adinai ta duba, ko ku tokare ƙofa da shi.

Wani tela daga Zango yana tambaya ko tsofaffin takardun sefa da ya samu a akwatin mahaifinsa banki zai karɓa. In na samfurin 1992 ne, BCEAO, babban bankin da ke buga sefa, ta janye su tun 2004, lokacin canji ya wuce. Masu tarawa suna son wadda ba ta taɓa lanƙwasa ba, sabuwa fil. Wadda ta sha zufa a lalita ba mai nema. Ka ba yara su ga kuɗin da kakansu ya riƙe.

Na ƙarshe, wata mai sayar da turare da shadda daga Sabon Gari: "Na aika wa wata mata shadda Getzner guda biyu bayan ta turo mini hoton shaidar biya. Na je cirewa aka ce ba kuɗi. Kuma wata ta dawo mini da turare ta ce jabu ne, alhali haka na saro shi."

Ƙanwata, hoton shaidar biya yaro ɗan sakandare zai haɗa miki shi a waya kafin shayi ya tafasa. Kuɗi sai kin gan su cikin asusunki ko kin ƙirga su a hannu, sannan kaya su hau mota. Mai gaggawa da ke cewa mota za ta tashi yanzu, ki ce ta bari sai ta gobe. Ki kai lambar matar da hoton wajen ƴan sanda, ki ajiye takardar aike ta tasha, don akwai sunan wanda ya karɓa a can.

Zancen turare kuma, a nan ba zan goyi bayanki ba. In kin saro kwalba a rabin kuɗin da kowa ya sani, kin san abin da kika saro. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suke zagayowa ta doguwar hanya, komai ya hau, to wanda ya kawo miki na asali a ƙasa da farashin da, daga ina ya samo? Ba haramun ba ne sayar da mai arha, in kin faɗa da bakinki cewa kwaikwayo ne, kin sa masa kuɗinsa. Ki mayar wa matar kuɗinta, ki koma wa wanda ya sayar miki da sauran kwalaben, kuma nan gaba ki buɗe ɗaya a shagon, ki shafa a bayan hannu, ki zaga kasuwa awa guda ki sake shinshinawa kafin ki biya.