Amsa kan eriyar oba-oba da ke rawa a mazauninta

Malam, ka ce eriyar Baofeng UV-5R da kuke aikin sintiri da ita tana rawa a mazauninta, maganarka daga unguwar Jekadafari ta daina isa unguwar Pantami a cikin garin Gombe, kuma kana tambaya ko za ka iya danƙare wurin da sufa gulu. Don Allah kada ka yi hakan. Gulu yana hana ƙarfe taɓa ƙarfe, kuma ranar da aka zo gyaran gaskiya sai an fasa murfin. Kafin a gano matsalar kuma, ka rage danna maɓallin magana, domin wat 4 zuwa 5 da rediyon ke fitarwa idan bai sami hanyar wucewa ta eriya ba yana komawa ciki ne, ya ɗora zafi a kan taransistan da ke tura murya har ya iya ƙona shi.

Na daɗe ina gyara wa 'yan agaji da 'yan banga irin waɗannan rediyoyi a nan Gombe, kuma sau da yawa laifin ba na mazaunin ba ne. Mahaɗin wannan rediyo shi ake kira SMA, kuma a Baofeng tsinken tsakiya yana jikin rediyo, ramin da yake shiga yana gindin eriya. Ramin ne yake fara buɗewa. Saboda haka ka ari eriyar abokin aikinka ka gwada. Idan magana ta dawo daidai, sabuwar eriya kawai kake bukata. Ka goge wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori, domin ƙurar hunturu takan haɗu da zufa ta daskare a cikin zaren. Sai ka duba zoben notin da ya kewaye mazaunin, wanda ke da ƙananan tsagu a bakinsa. Idan ya kwance, ka ɗaure shi a hankali da bakin siririyar filaya.

Idan duk da haka murya tana yankewa da zarar an taɓa eriya, to dalmar da ta riƙe tsinken a jikin fanel, wato allon lantarkin da ke cikin rediyo, ta tsage. Sai an cire batir, an zare kan maɓallin ƙara murya, an kwance notuka, sannan a ɗaga ƙarfen ciki sannu a hankali, saboda wayoyin sifika gajeru ne kuma ba su da ƙwari. A ƙarƙashin gilashin ƙara girma za a ga tsagar kamar silin gashi ta kewaye gindin tsinken. A ɗora mitar gwajin lantarki tsakanin tsinken da mahaɗarsa a fanel, a motsa shi kaɗan. Idan ƙarar mitar tana ɗaukewa, an kama ɓarawo. A kwashe tsohuwar dalma, a sa sabuwa daidai misali, kada ta malala ta haɗa tsinken da jikin mazaunin.

Amma idan zaren ya cinye ko tsinken ya lanƙwashe, ni ba na ɓata lokaci wajen miƙar da shi, domin ba ya komawa tsakiya yadda yake. Canja mazaunin gaba ɗaya ya fi, kuma mafi dacewa shi ne wanda aka ciro daga mataccen rediyo irinsa. Idan sabo za ka saya, ka tafi da tsohon a aljihu, saboda akwai RP-SMA na na'urorin Wi-Fi wanda zarensa ɗaya ne da wannan amma cikinsa a juye yake. Zai ɗauru lafiya lau, sai dai babu abin da zai haɗu a ciki.

Masu ƙera SMA sun yi shi ne don ɗaurawa da kwancewa kamar sau 500, ke nan wanda ke cire eriya kullum da dare zai cinye wannan adadi cikin ƙasa da shekara biyu. Idan aikinku yana sa ku yawan canjawa zuwa eriyar mota, ka sa adafta ta BNC, wato mahaɗin da ake sawa da cirewa da ɗan murɗawa kaɗan, ka bar ta a ɗaure, ita ta riƙa shan wahalar. Ka kuma gaya wa yaranku su daina ɗaukar rediyo ta eriya ko fizgo shi da ita daga ɗamara, domin a nan ne dalmar ke fara tsagewa.